Idan VA Ta Hana Ka Diyyar Ciwon Damuwa, Kada Ka Ajiye Takardar

Wata Lahadi bayan la'asar, wata baiwar Allah ta tare ni a ƙofar masallaci a unguwar Bronx da ke birnin New York, ta ciro ambulan daga jakarta. Ta ce, "Yaya, don Allah duba min wannan. Baban yara ya cusa ta ƙarƙashin katifa, ya ce kada a sake yi masa zancenta." Takarda ce daga Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wadda kowa ke kira VA. Mijinta ya yi aikin soja, an kai shi Iraƙi, ya dawo da ciwon baya da kuma wani ciwon da ido ba ya gani. Ya nemi diyyar ciwon damuwa, ba a ba shi ba. Da na duba kwanan watan da ke jikin takardar, saura mako bakwai shekara ta cika.

Wayar da kai kan lafiya shi ne aikina a cikin al'ummarmu, kuma wannan kwanan wata shi nake fara dubawa. Shekara ɗaya gare ka daga ranar da aka rubuta hukuncin ka nemi a sake dubawa. In ka yi a cikinta kuma ka yi nasara, za a biya ka tun daga ranar da ka fara nema. In ka bari ta wuce, ƙofar kawo sabuwar hujja tana nan buɗe, amma galibi kuɗin baya sun tafi.

Da muka zauna da maigidan, na tambaye shi yadda ta kasance ranar da likita ya duba shi domin wannan nema. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya tambaye ni yaya nake, na ce lafiya lau." Ya sha aski, ya sa riga mai guga, ya amsa kowace tambaya da gajeriyar kalma. Matar kuwa tana gefe tana share hawaye, domin ita ta san bai yi barcin awa uku a jere ba tun shekaru, ta san ya bar aiki sau biyu, ta san ko sallar Juma'a ya daina zuwa saboda cunkoson mutane na sa ƙirjinsa bugawa.

A nan yawancin mutanenmu ke faɗuwa, kuma abin yana ci min rai. An rene mu a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma "alhamdulillahi" ita ce amsar mai tarbiyya. Gode wa Allah wajibi ne, amma likita abin da ka faɗa masa zai rubuta, mai yanke hukunci kuma abin da aka rubuta zai karanta. Faɗi yadda kake a ranakun da suka fi muni. In kana kwana uku ba ka yi wanka ba, faɗa. In kana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, faɗa. Bayyana wa likita ciwo ba raki ba ne, kuma neman magani ba ya kore tawakkali.

Abu uku VA ke son gani a fayil: likita ya tabbatar kana da ciwon yanzu, wani abu ya same ka lokacin aikin soja, sannan akwai alaƙa tsakanin biyun. Na ukun ne ya fi ba da wuya. Abin da ake buƙata shi ne likita ya rubuta cewa yiwuwar alaƙar ta kai aƙalla rabi da rabi, domin dokar ta ce idan hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake bai wa gaskiya. Mutane da yawa kuma ba su san ba lallai damuwar ta samo asali daga fagen fama ba. Idan VA ta riga ta amince ciwon bayanka ko ƙarar da kake ji a kunne daga aikin soja ne, kuma shi ya hana ka barci da sana'a har damuwa ta kama ka, ana iya haɗa damuwar da shi. Ta wannan hanya muka bi da mutumin nan.

Tun watan Fabrairu na 2019 hanyoyin ɗaukaka ƙara uku ne. Idan kana ganin hujjarka ta cika, kuskure aka yi wajen karanta ta, fom 20-0996 zai sa babban jami'i ya sake duba fayil ɗin yadda yake, ba a ƙara komai. Idan kana da sabuwar hujja, kamar rahoton likita ko shaidar iyali, fom 20-0995 ne naka, kuma shi na fi ba masu ciwon damuwa shawara, tunda abin da ya kayar da su galibi fayil ne da babu komai a ciki. Ta uku, fom 10182, tana kai ka gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙara, kana iya neman ya saurare ka da bakinka, sai dai jiran ya fi tsawo. In can ma aka ƙi, akwai kotu ta musamman, kwana 120 gare ka ka shigar.

Wanda aka ba shi kaɗan ma yana da damar ƙorafi. Ciwon ƙwaƙwalwa VA na auna shi da kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100 cikin ɗari, gwargwadon yadda ya taɓa aiki da zama da mutane. Kashi 70 na wanda abin ya lalata masa yawancin ɓangarorin rayuwa ne, har da tunanin kashe kai. Wanda wannan tunani ya zo masa, kada ya jira wani fom: ya kira layin agaji na Amurka, 988, ya danna 1, dare ko rana. Tun Janairun 2023 tsohon sojan da ke cikin wannan hali ana karɓarsa a sashen gaggawa kyauta, ko asibitin ba na VA ba ne.

Ku kula da masu talla a intanet da ke cewa za su ɗaga muku kashi a raba kuɗi. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilan da VA ta amince da su, kuma ba sa karɓar ko sisi. Wanda ya koma gida Kano ko Kumasi ko Yamai, haƙƙinsa na diyya bai faɗi ba, yana iya shigar da fom ɗinsa daga can.

Mata da iyaye da abokan aikin soja, shaidarku tana da nauyi, kuma tana da fom ɗinta, 21-10210. Ba a ce ku zama likitoci ba. Abin da kuka gani za ku rubuta: yadda yake kafin ya tafi, yadda ya dawo, ranar da ya kulle kansa a ɗaki ana sunan ɗansa. Matar nan ta ce tana jin nauyin tona asirin mijinta. Na ce mata, "Ƙanwata, nemi izininsa tukuna." Kwana biyu ya yi bai ce komai ba, a na uku ya miƙo mata biro. Ta cika shafi uku. Likitan da ke duba bayansa ya tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka samu rahoto, wakilin ƙungiya ya shigar da takardun saura kwana tara wa'adi ya cika. Har yanzu suna jiran amsa. Shi kuma duk ranar Talata yana zuwa ganin mai ba shi shawara, ita ke raka shi har bakin ƙofa.