Girka sabar rumbun bayanai da kula da ita da cire ta ga makaho mai rubuta manhaja

Sabar rumbun bayanai manhaja ce da ke zaune a bayan fage cikin kwamfuta, ba ta da wata taga da ake kallo, aikinta kawai ta jira sauran manhajoji su zo su ajiye bayani ko su ɗauka. Waɗanda aka fi sani su ne MySQL da ta fito a 1995 daga Suwidin, yanzu tana hannun Oracle tun 2010, sai MariaDB da aka ɓalle daga jikinta a 2009, da PostgreSQL wadda asalinta jami'ar Berkeley ce a Amurka, da kuma SQL Server ta Microsoft. Tunda duk maganar saba rubutu ce, makaho yana iya sarrafa ta tsaf, matsalar yawanci daga tagogin ado da aka lulluɓe ta da su take fitowa.

Kayan aiki

Makaho yana aiki ne da manhajar karanta allo, wadda ke faɗa masa abinda ke rubuce da murya ko ta tura shi allon birel. A Windows akwai NVDA da Michael Curran ya fara a 2006 a Ostareliya, kyauta ce, shi ya sa ita ce a hannun mafi yawan masu koyo, akwai JAWS amma ta kuɗi ce kuma in ka juya farashin zuwa sefa sai jikinka ya yi sanyi. A Linux akwai Orca, sai Speakup ta baƙin allo, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni da rubutu zalla. A Garwa da Marwa da Gaundare da Njamena kwamfutocin da yawa Windows ɗinsu na Faransanci ne kuma kibod ɗin AZERTY, lambobi sai an danne shif, ga umarnin sabar da saƙonnin kuskure galibi da Turanci, to kaga murya ta Faransanci tana karanta Turanci, abin sai kunne ya saba. Wasu kan ajiye murya biyu suna sauyawa.

Girkawa

A Debian ko Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, layi ɗaya ne, sudo apt install postgresql, ka danna enta, komai ya fito a rubuce manhaja ta karanta maka. A Windows ne ake shan fama, don manhajar girkawar taga-taga ce, wani maɓallin ba a sa masa suna ba sai ka ji an ce "maɓalli" kawai, na ci gaba ne ko na fasawa, oho. Sannan akwai tagar neman izinin admin da ke tsalle ta rufe allo, in NVDA ɗin da ke kan kle ɗinka na USB kake amfani da ita ba wadda aka girka a na'urar ba, shiru za ka ji, don irin wannan ba ta karanta wannan tagar. Wannan ya fi cin masu aron kwamfuta a makaranta ko siba. Mafita ita ce a girka NVDA sosai, ko a bi ta winget, umarnin girka manhaja na Windows, ko a kunna manhajar girka PostgreSQL da --mode unattended ta yi aikinta ba tambaya. In taga ta ƙi magana sam, danna maɓallin NVDA (Insert ko Caps Lock) tare da harafin r na karanta hoton allo a Windows 10 zuwa sama, dabara ce ta in an rasa yadda za a yi.

Wajen sa kalmar sirri a baƙin allo yawanci ba abinda ke fitowa, ko tauraro babu, kuma haka aka tsara shi, ba lalacewa ba ce. Kowace saba tana da lambar ƙofarta, inda sauran manhajoji ke shigowa wurinta, PostgreSQL 5432, MySQL da MariaDB 3306, SQL Server 1433.

Kulawa

Nan ne asalin aikin. pgAdmin da MySQL Workbench, tagogin sarrafa sabar, an yi su ne don ido da mawus, wani wurin yana karantuwa wani wurin a'a, don haka makafi da yawa psql ko mysql ko sqlcmd, manhajojin rubuta wa saba umarni a baƙin allo, suke shiga kai tsaye. Sai dai yadda sakamako ke fitowa tebur ne da aka zana da sanduna da ɗigo-ɗigo, mai gani ya kalla sau ɗaya ya gane, kai kuwa sai ka ji "sanda, Amadu, sanda, 42, sanda" har ka manta 42 ɗin nan shekaru ne ko lambar aji. A psql in ka rubuta \x sai kowane bayani ya sauko layinsa da sunansa a gaba, suna Amadu, shekaru 42. A mysql kuma ka ƙare tambayar da \G a maimakon waƙafi mai ɗigo. Haka nan \pset pager off na hana sakamako maƙalewa shafi-shafi. Ƙaramin abu ne amma wallahi shine bambancin aikin minti biyu da na rabin awa.

Alamomi ma sai an kula. Manhajar karanta allo kan tsallake waƙafi da baka da alamar zance in ba a ɗaga matakinta ba, alhali a SQL, yaren da ake yi wa saba tambaya da shi, alamar zance ɗaya da aka manta ta isa ta sa saba ta zauna tana jiranka shiru kai ma kana jiranta. Maɓallin NVDA da harafin p ke sauya matakin. Don a san ko sabar na raye, systemctl status postgresql a Linux, a Windows kuma services.msc, jeri ne da ke karantuwa lafiya lau. Saitunan PostgreSQL duk fayil ne na rubutu, postgresql.conf da pg_hba.conf, kowace edita ta buɗe su.

Batun ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, kuwa, mu nan ba sai an faɗa ba. PostgreSQL da InnoDB, sashen ajiyar bayanai na MySQL, suna fara rubuta canji a wani kundi kafin su taɓa ainihin bayanan, saboda haka in wuta ta ɗauke yawanci suna farfaɗowa da kansu, amma wannan ba ya hana diski mutuwa. pg_dump ko mysqldump su fitar da kwafi, a kai shi wata na'ura daban. In sabar tana nesa ne ana shiga ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, rubutu zalla ne, ko rezo ya yi rauni yana tafiya.

Cirewa

Cire manhajar daban, goge bayanan daban. apt remove na barin saituna da bayanai, apt purge ne ke kwashe saituna, kuma yakan tambaya ko a haɗa da foldar bayanan, a saurari tambayar nan har ƙarshe kafin a danna komai. Bayanan suna /var/lib/postgresql ko /var/lib/mysql. A Windows MySQL na barin nata a C:\ProgramData\MySQL, folda ce ɓoyayyiya, kibiya ba za ta kai ka can ba sai ka rubuta hanyar da hannu. In aka bar ta aka sake girkawa, sabuwar sabar na iya ɗaukar tsohuwar kalmar sirri ta ƙi wadda ka sa yanzu, ko kuma tsohuwar sabis ɗin, wato sabar da ke aiki a bayan fage, tana nan riƙe da ƙofar 3306 sabuwar ta kasa tashi. Tsarin da aka saba bi shine a fitar da kwafi, a tsayar da sabis, a cire manhajar, a goge foldar, sannan a duba da umarnin netstat ko ss ko akwai manhajar da ke riƙe da ƙofar har yanzu.