Bayan Sadakar Bakwai: Abin da Magada Za Su Tarar Wajen Rabon Gado

Da an tashi daga zaman makoki sai rabo?

A'a. Kafin kowa ya taɓa ko sisi, sai an fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya. Ita wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Abin da ya rage shi ne gado. Ragowar sadakin da marigayi bai biya ba bashi ne, matar za ta karɓe shi daban da rabonta. Idan kuma ya bar mace da juna biyu, a mazhabar Malikiyya dakatawa ake yi har ta sauka lafiya.

Sunana Baba ya rubuta a banki a matsayin makusancinsa. Kuɗin nawa ne?

Nan ake yawan ɓata zumunci. Wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mayar da mutum magaji shi kaɗai. Da zarar banki ya samu labarin rasuwar, zai rufe asusun, kuma ba zai saki kuɗin ba sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda a bisa al'ada sashen gado na Babbar Kotun jiha ke bayarwa a Najeriya. Za a nemi takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lissafin kadarori, da masu tsaya muku, a kuma biya kuɗin kotu gwargwadon darajar dukiyar. Lamari ne na watanni, sai an daure da sintiri. Shi kuwa ɗan da ya riƙe katin ATM na mahaifinsa yana zarar dubu ashirin-ashirin da sunan cefanen gida, ya sani haƙƙin ƙannensa marayu yake ci, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Nawa kowa zai samu?

Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke wannan. Matar mamaci tana da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu, kuma kishiyoyi wannan kason suke rabawa tsakaninsu. Uwa da uba sudusi-sudusi (kowa kashi ɗaya cikin shida) idan akwai ɗa namiji. A tsakanin 'ya'ya, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu.

Marigayin ma'aikaci ne. Fanshonsa fa?

Ku je kamfanin fanshonsa da takardar kotun. Ku kuma tambayi inshorar rai ta wurin aiki: dokar fansho ta 2014 ta wajabta ta, aƙalla ninki uku na albashin shekara, amma iyalai da yawa ba su ma san da ita ba.

Yayanmu ya ce gidan ba zai rabu ba, a bar shi haka.

"A bar shi haka" ita ce ke kai jikoki kotu bayan shekara talatin, lokacin da shaidu sun ƙare. Kowane magaji, mace ko namiji, yana iya kai maganar kotun shari'a. Alƙali zai sa a yi wa gidan ƙima, mai hali a cikinku ya fanshi kason 'yan'uwansa, ko a sayar a raba kuɗin. Wanda hukuncin bai gamsar ba yana da damar ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan gado da wasiyya.