Hedifon Na Manya: Me Kuɗinka Ke Saya, Me Hannunka Zai Iya Gyarawa?

Akwai mutanen da hedifon a wurinsu ba abin amsa waya ba ne. Kaya ne da ake zama da shi a natse, a lumshe ido, a ji inda mai ganga yake zaune da inda mawaƙi ya ja numfashi. Irin waɗannan mutane sukan saya, su kwatanta, su kwance, su sauya soso, su sake ɗaurewa. Ga tambayoyin da sabon shiga harkar ya fi yi.

Me ya raba hedifon na manya da wanda kowa ke ratayawa?

Na farko, 'yar lasifikar da ke ciki. Iri uku ce. Wadda ta fi yawa ita ce mai naɗin waya manne da tantani a tsakiyar maganaɗisu: lantarki ya bi naɗin, tantanin ya motsa, iska ta girgiza. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus ya fito da DT 48 mai irin wannan tsari tun 1937. Ta biyu shimfiɗaɗɗen tantani ne da aka zana wa siraran layukan lantarki, aka sa shi tsakanin jerin maganaɗisu, don haka duk faɗinsa ke motsi tare. Audeze da HiFiMan sun yi suna da ita. Amon ƙasa yakan fito mata tsaf, amma nauyin maganaɗisun kan gajiyar da wuya. Ta uku ba ta da maganaɗisu ko kaɗan: tantani ne da ya fi gashin kai siranta nesa, ana cika shi da caji, faranti biyu masu huji suna ja suna turawa. Stax na Japan ya fara sayar da SR-1 a 1960, kuma na yanzu suna bukatar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta musamman mai ba da bolt 580.

Na biyu, bayan kokon kunnen. Rufaffen baya yana tare hayaniya amma sauti kan yi ta kai-kawo a ciki. Buɗaɗɗen baya, wanda Sennheiser ya shigo da shi da HD 414 a 1968, yana barin iska ta fita, sai kiɗan ya ji kamar a sarari ake yinsa. Illarsa, na kusa da kai yana jin duk abin da kake ji.

Tsada tana tafiya da daɗin sauti?

Zuwa wani mataki, daga nan sai su rabu. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya wallafa awon hedifon 283, bai sami alaƙa tsakanin farashi da yadda hedifon ke daidaita sautuka ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne masu tsada sun fi yin kusa da juna a amon ƙasa. Wannan ba ya nufin duk ɗaya suke. Ƙarin kuɗin yakan sayo kayan ƙira masu ƙarko, lasifikar hagu da ta dama da aka tantance suka dace, raguwar gurɓacewar sauti idan an ƙure murya, da daɗin sawa na awanni. Focal Utopia da ya fito a 2016, tantaninsa na ƙarfen beriliyam ne, mai tauri da rashin nauyi, kuma aikin sarrafa shi ba wasa ba ne.

Sai dai ka dubi Sennheiser HD 600. Tun 1997 ake sayar da shi, kusan ba a taɓa yanayin sautinsa ba, har yau shi ne ma'aunin da masu harkar ke gwada muryar ɗan Adam da shi. Akwai waɗanda suka ninka shi kuɗi sau biyar, sun fi shi faɗin fili da zurfin amon ƙasa, amma a kan muryar mawaƙi ba su kai shi ba. A ganina, duk wanda bai zauna da irinsa ba bai kamata ya tsallaka zuwa na sama ba, domin ba zai san abin da ya ƙaru ba.

Yaya zan kwatanta biyu ba tare da na yaudari kaina ba?

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, kuma dalilin ƙarfin murya ne. Kunne ba ya jin amon ƙasa da na sama sosai idan murya ta yi ƙasa. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna haka. Saboda haka duk wanda ya ɗan fi ƙara a cikin biyun, ko da desibel (ma'aunin ƙarfin murya) ɗaya ne, shi za ka ce ya fi cika da armashi. Hedifon kuwa ba sa cin wuta daidai. Ka cire mai om 300 (om shi ne ma'aunin turjiyar da hedifon ke yi wa lantarki) ka jona mai om 32 a rami ɗaya ba ka taɓa maɓallin murya ba, wasan ya ƙare kafin a fara.

Ga yadda nake yi. Ina kunna sautin gwaji mai shuuu, na kifa kokon a kan kwali mai huji da ma'aunin ƙara a ciki, na daidaita na farko, na yi alama a maɓallin, na yi wa na biyu haka. Sai na zaɓi guntun waƙa da na sani kamar yunwar cikina, daƙiƙa goma sha biyar kawai, inda murya da ganga da kuge suka haɗu. In saurara, in sauya da sauri, in maimaita wurin. Saurin yana da dalili: ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Kowane zagaye abu ɗaya nake bi. Yanzu harafin "s" na mawaƙi, yana suka ko yana da laushi? Sai dukan ganga, yana tsayawa cak ko yana jan wutsiya? Bayan wannan sai gwaji na biyu, wanda ya fi na farko faɗin gaskiya: mako guda da kowanne. Hedifon da ya burge ka a minti biyar saboda ƙyalƙyalin sautinsa, sau da yawa shi ne zai sa ka ciwon kai bayan awa biyu.

Jadawalin awo da ake wallafawa, a dogara da shi?

Layi ne da ke nuna ƙarfin kowane sauti daga amon ƙasa zuwa na sama. A karanta shi, amma a san iyakarsa. Kada ka nemi miƙaƙƙen layi. Hedifon mai kyau dole ya yi tudu wajen hez 3,000 (hez shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa, ƙaramin adadi amon ƙasa, babba siririn sauti), domin haka kunne ke ƙara wa sautin da ya zo daga sarari. Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman sun shafe shekaru suna gwada masu sauraro ba tare da sun ga abin da ke kansu ba, suka fitar da layin da yawancin mutane suka fi so, na farko a 2013, aka sabunta a 2018. Ko a binciken nasu, wasu sun nemi ƙarin amon ƙasa, wasu ragi. Sama da hez 8,000 kuwa, siffar kunnenka da yadda ka ɗora kokon suna sauya komai, awon da aka yi a kan mutum-mutumin roba ba zai gaya maka abin da naka kunnen zai ji ba.

Wane gyara ne ya fi tasiri?

Soson kunne, kuma babu na biyunsa a kusa. Shi ke yanke nisan lasifika da kunne, da girman ɗakin iskar da ke tsakani, da ko iska na zurarewa. Soson fata yana toshewa, amon ƙasa ya ƙaru. Na karan-miski yana numfashi, sautin ya saki jiki. Ɗauki tsohon Sennheiser HD 650 da sosonsa ya lotse kamar tsohuwar katifa, ka ɓalle shi da yatsa, ka danna sabo har ya yi ƙas: siririn sautin da ka ɗauka ya mutu zai dawo. Mutane da yawa sun sayar da hedifon suna cewa ya dushe, alhali soso ne ya tsufa.

Gwada wannan ma in kana da rufaffen baya: kunna waƙa mai nauyin ganga, ka zura sandar tabarau ƙarƙashin soson. Nan take ƙasan waƙar zai zube. Mai sa tabarau da wanda ba ya sawa, hedifon ɗaya a kansu, abu biyu suke ji, su kuma kwana suna musu.

Gargaɗi ɗaya: soson wani kamfani, ko ya fi laushi, yakan ɓata daidaiton da maƙerin ya yi. Ajiye na asali.

Buɗe ciki fa, ana cin riba?

Wani lokaci sosai. Fostex T50RP shi ne abin misali. Lasifikarsa mai shimfiɗaɗɗen tantani ce mai kyau a cikin kokon roba mai araha. Masu gyara suka riƙa cusa auduga a bayanta, su liƙa ƙyallen ulu, su danna laka mai nauyi a jikin farantin don kashe rawar jiki, su rage ramin iska. Kamfanoni biyu da ake ji da su yau daga nan suka taso: MrSpeakers na Dan Clark, wanda ya koma Dan Clark Audio, da ZMF na Zach Mehrbach.

Sennheiser HD 800 da ya fito a 2009 wani darasi ne. Faɗin filinsa ya ba kowa mamaki, amma yana da tsini wajen hez 6,000 da ke sa kuge ya yi zafi. Lasifikarsa zobe ce mai rami a tsakiya, sai masu gyara suka ƙera ɗan abin da ke shanye wannan tsinin suka cusa a ramin. Shi ma kamfanin da ya fitar da HD 800 S ya sa irin wannan mashayi a ciki.

Abin lura a labaran biyu shi ne an san cutar kafin a nemi magani. Ni na taɓa yin akasin haka. Na buɗe wani rufaffen baya da nake jin yana gunji, na cika shi da auduga. Gunjin ya tafi, ran kiɗan ma ya bi shi. Mafi muni, ban auna audugar ba, hagu ya fi dama, sai muryar mawaƙi ta koma gefen kunne ɗaya. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, domin tsinin sukudireba ya wuce daf da wayar naɗin, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Tun daga ranar nake sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ina auna abin da na sa a kowane gefe, ba na kuma amfani da gam da ba ya cirewa. Garanti kuwa, da ka kwance sukurun farko ka yi masa sallama.

To me ya sa ba za a yi da ikwalaiza kawai ba?

Ikwalaiza, wato abin da ke ƙara ko rage ƙarfin wani ɓangaren sauti, yawancin lokaci ita ya kamata a fara da ita. Manhaja irin Equalizer APO a Windows kyauta ce, shafin AutoEq kuma yana da saitin ikwalaiza na dubban hedifon. Tsinin hez 6,000 ɗin nan, ka rage masa desibel huɗu ko biyar, ba ka taɓa sukuru ba. In ka ƙara amon ƙasa da desibel shida, ka rage babbar murya ta manhajar da shida, in ba haka ba sautin zai fashe. Wasu masoya sauti suna ƙyamar ikwalaiza, suna ganin ta taɓa asali, amma su sauya soso da murna, alhali shi ma ikwalaiza ce ta ƙyalle. Abin da ba ta iyawa: ba ta toshe iska mai zurarewa, ba ta rage nauyi a ka, ba ta mayar da rufaffe buɗaɗɗe.

Kebul da amfilifaya?

Kebul, sauya shi in ya tsinke, ko ya yi gajarta, ko yana ƙara in ya goga riga. Na azurfa mai tsadar gaske ban taɓa bambance shi da na tagulla ba in ban ga wanda aka jona ba.

Amfilifaya tana da magana. Mai om 300 ko 600, da wasu masu shimfiɗaɗɗen tantani, wayar hannu ba ta ciyar da su. Akwai kuma turjiyar ramin fitarwa, wato ramin da ake jona hedifon: ƙa'idar da ake bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Dalili, turjiyar mai naɗin waya ba tsayayya ba ce. Ta HD 600 tana hawa kusan om 500 ko fiye wajen hez 100. In ramin fitarwa yana da turjiya mai yawa, kamar na wasu amfilifaya masu ƙwan gilashi, wurin nan ne ke kumbura. Ɗumin da ake yaba musu, wani ɓangarensa daga nan yake.

Gaskiya ne sabo sai ya yi awa ɗari yana kiɗa kafin ya nuna?

Awo yana nuna sauyi kaɗan ne ƙwarai. Soso ne ke zama daidai kanka, kunnenka kuma ya saba.

In zan sayi na hannu, me zan duba?

Kunna murya ɗaya tilo da aka raba daidai hagu da dama, ta tsaya a tsakiyar kanka. In ta karkata, juya hedifon, na dama a hagu. In karkatar ta bi shi, matsalar tasa ce, in ta tsaya inda take, kunnenka ne. Sai ka kunna sautin da ke hawa a hankali daga hez 20 zuwa 200 da matsakaiciyar murya, ka kasa kunne ko za ka ji zzz: wani lokaci gashi ne ya shige ya kwanta a tantani, wani lokaci naɗin ne ya fara goga. Murɗa kebul a bakin kowane koko ka ji ko sauti na yankewa. Dubi kan sukurori, in sun ci an taɓa buɗewa, sai ka tambayi abin da aka sa ko aka cire. Sannan ka bincika ko ana samun soso da kebul da maɗaurin kai nasa a kasuwa, ka haɗa kuɗin sabon soso cikin lissafinka tun kafin ciniki.