Wa doka ta ɗora wa nauyin lissafin hasken da ke taɓa fatar mai ciwon daji a Saudiyya?

'Yan'uwanmu na Jidda da Makka da ke raka marasa lafiya ɗakin radiyoterafi, wato inda ake maganin ciwon daji da haske mai ƙarfi, sukan tambaya: tunda kwamfuta ce ke lissafin komai, me ya sa fata ke yin ja, wani lokaci har ta saluɓe?

A Saudiyya, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, NRRC, da aka kafa a 2018, ita ke ba da lasisin aiki da irin wannan haske. Ƙa'idar hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, kuwa ta ce awo da tabbatar da ingancin na'urorin warkarwa aiki ne na masanin fiziks na asibiti, ko dai ya yi da hannunsa ko a yi a ƙarƙashin kulawarsa. Ke nan asibiti ba ya fakewa da cewa kwamfuta ce ta ba da adadi.

Dalilin da ya sa lissafin kwamfuta kan kuskure a fata yana cikin yadda hasken yake aiki. Na'ura mai ƙarfin megabolt 6 ba a saman fata take sauke cikakken ƙarfinta ba, sai ta nutsa kamar santimita 1.5 cikin jiki. Tsakanin saman fata da wannan zurfin, ƙarfin yana hawa da sauri ƙwarai. Manhajar tsara magani kuma tana yanka hoton CT ne, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka kafin a fara magani, zuwa ƙananan akwatuna, galibi na milimita 2 zuwa 3, ta ba kowane adadi ɗaya. Amma ɓangaren fata da aka fi damuwa da shi yana a zurfin milimita 0.07 kacal. Kamar a ce ka auna ƙwayar gero da mudu. Akwatin da ya faɗo a bakin fata rabinsa nama ne, rabi iska, don haka adadin kan wuce gaskiya ko ya gaza ta. In aka ƙanƙanta akwatin lissafi ya ɗan gyaru, sai dai kwamfuta ta fi jimawa tana aiki. Inda aka zana iyakar jiki a hoton shi ma yana sauya sakamako, haka nau'in lissafin da aka zaɓa.

Ga kuma abubuwan da ke kan fatar. Abin rufe fuska na roba da ake gasawa ya ɗauki siffar kai, da gadon da ake kwanciya, duk suna ƙara wa fata rabo, kuma a ganina nan ne aka fi saurin mantuwa. Shimfiɗar nan mai laushi da ake kira bolas, wadda ake yawan ɗora wa ƙirji bayan cire mama, da gangan ake sa ta don fata ta samu ƙari. Dole ta kwanta lif, ba iska a ƙarƙashi.

Shi ya sa a wasu lokuta ake manna ɗan ma'auni a fata yayin haskawa, a gwada da abin da kwamfuta ta faɗa. Majinyaci na iya tambayar likita ko za a yi masa haka. In kuma ya rame har abin rufe fuskar ya fara yi masa yawa, ya sanar da ma'aikata tun kafin zama na gaba, domin wataƙila sai an sake hoto da lissafi.