Wai dan wasa in ya bar nama karfinsa ya kare?

Jama'a maganar nan ta dade tana yawo amma ba haka bane wallahi. Ku duba Chris Paul na kwallon kwando a Amurka, 2019 ya daina cin nama yana shekara 34, lokacin har ana cewa ya tsufa, sai gashi 2021 ya kai kungiyar Phoenix Suns wasan karshe na gasar NBA, a kungiyar San Antonio ma ya buga duk wasa 82 na kakar wasa cif yana shekara 39.

Furotin jiki ke bukata, kuma wake da gyada da awara duk suna dashi. Sai dai bitamin B12, wannan kam babu shi a wake, wanda ya bar nama da kifi da kwai da madara dole ya rika shan kwayarsa.