Maniyyaci Mai Shan Taba: Ka Shirya Tun Daga Gida

Mai shan sigari da zai tafi Hajji ko Umara, matsalarsa tana farawa ne tun daga jirgi. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama, ga kuma zaman jira kafin a tashi da bayan an sauka. Kada ka ce za ka laɓe a banɗakin jirgi ka ɗan zuƙa. Akwai na'urar gano hayaƙi a ciki, tana yin ƙara ma'aikata za su zo, kuma suna iya miƙa ka ga jami'an tsaro da zarar an sauka. Sigarin lantarki ma hukuncinsa ɗaya. Idan kana da shi, a jakar hannu yake zama, ba a babbar jakar da ake aunawa ba, domin batirinsa na iya kamawa da wuta inda babu mai gani.

A kwastam na Saudiyya, kara 200 aka yarje wa baligi ya shigo da shi, wato kwali goma masu kara ashirin-ashirin. Abin da ya haura haka sai ka bayyana shi ka biya haraji.

Tun 2001 aka ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a shan taba. Dokar ƙasar ta hana sha a masallatai da harabarsu, asibitoci, ofisoshin gwamnati da motocin haya, a filin jirgi kuma sai a ɗakin da aka keɓe. Tarar Riyal 200 ce. A tantunan Mina kuwa, batun ya wuce tara. Gobarar 1997 ta hallaka mutum fiye da 300. Tukunyar gas ce ta jawo ta, kuma bayan nan aka koma tantunan da ba sa saurin cin wuta. Amma katifa da jaka da harami duk suna ci, ga tsofaffi masu asma da hawan jini kwance kafaɗa da kafaɗa.

To, yaya za a yi da ƙishirwar taba? Takan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko bayan an daina sha: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Shi ya sa bai kamata ranar tashin jirgi ta zama ranar farko ba. Ka ga likita makonni kafin tafiya, ka tambaye shi cingam ɗin nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) ko filastarsa da ake manna wa a fata. Cingam ɗin iri biyu ne, mai miligiram 2 da mai 4. Mai 4 ɗin na wanda ke kunna taba cikin rabin awa da tashi daga barci ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta taunarsa kamar na yara, sai ya kawo shaƙuwa da tashin zuciya. A hankali ake taunawa, in ka ji ɗan yaji a baki ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa ka sake taunawa, har kusan minti 30. Ka guji kofi da lemon kwalba minti 15 kafin nan, suna hana shi shiga jiki sosai.

Mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu kada su fara ko ɗaya sai da izinin likita. Maganin kuma a bar shi cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu.