Gargaɗin Littafi Mai Tsarki Kan Duba da Neman Shawarar Iskoki

Gargaɗin Littafi Mai Tsarki kan duba ya ƙunshi dokoki da labarai da wa'azin annabawa da manzanni waɗanda suka hana jama'ar Allah neman sanin gaibu ko neman jagora a wurin masu duba, bokaye, masu kiran kurwar matattu da masu karanta taurari. Hanin ya faro daga Attaurar Musa, ya ratsa littattafan sarakuna da na annabawa, har ya kai Wahayin Yahaya. A jihohin Gombe da Bauchi, inda Kiristoci daga ƙabilu irin su Tangale, Waja, Tula, Cham, Sayawa da Jarawa suke yin yawancin sujadarsu da Hausa, ayoyin nan ba baƙi ba ne a wa'azin Lahadi, domin abin da suke magana a kai yana nan da ransa a cikin unguwa.

Abin da doka ta ce

Wurin da ya fi tattara hanin shi ne Maimaitawar Shari'a 18:9-14. Musa yana gargaɗin Isra'ilawa gab da shigarsu Kan'ana, kada a sami a cikinsu mai ƙona ɗansa ko 'yarsa hadaya, ko mai duba, ko mai camfi da alamu, ko mai sihiri, ko mai sammu, ko mai sha'ani da iskoki, ko mai tuntuɓar matattu. Ya ce saboda waɗannan ayyuka ne Ubangiji yake korar al'umman da ke ƙasar. Littafin Firistoci 19:31 ya ce wanda ya nufi masu kiran matattu ya ƙazantar da kansa, 20:6 kuma ya ce Allah zai juya masa baya ya raba shi da jama'arsa.

Dokar ba ta kafa hujjarta kan cewa duba ƙarya ce ba. Maimaitawar Shari'a 13:1-3 ma ta ɗauka cewa mai mafarki na iya faɗin alama ta kuma cika, amma duk da haka ta ce kada a bi shi in yana jan mutane zuwa wasu alloli. Abin da ake tambaya shi ne, wa mutum ya kai wa tsoronsa. Shi ya sa nan da nan bayan jerin hanin, aya ta 15 ta yi alkawarin annabi kamar Musa wanda za a saurara. An rufe ƙofa ɗaya ne aka nuna wata. A Tsohon Alkawari akwai hanyoyin da aka halatta na neman nufin Allah: annabawa, mafarkai, Urim da Tummim, wato kayan neman amsar Allah da ke hannun babban firist, da jefa ƙuri'a, wadda manzanni suka yi amfani da ita wajen zaɓen Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26, kuma ba a sāke ambatonta a Sabon Alkawari ba bayan saukar Ruhu Mai Tsarki.

Saul da matar Endor

Babu labarin da ya bayyana zuciyar mai zuwa duba kamar na 1 Sama'ila sura 28. Annabi Sama'ila ya rasu, an binne shi a Rama. Filistiyawa sun yi sansani a Shunem, Isra'ila kuma a Dutsen Gilbowa. Da Sarki Saul ya hangi yawan rundunar, sai gabansa ya faɗi. Ya nemi Ubangiji, bai sami amsa ba, ko ta mafarki, ko ta Urim, ko ta bakin annabi. Shi da kansa ne ya kori masu kiran matattu daga ƙasar a baya, amma a ranar ya ce wa fādawansa su nemo masa ɗaya, su kuwa ba su sha wahalar nema ba, suka ce akwai wata a Endor. Wato dokar sarki ta kore su daga fili ne kawai, har mutanen fada sun san gidan.

Endor tana arewa da tudun da Shunem take gindinsa, don haka sai da Saul ya kewaya sansanin abokan gāba kafin ya isa. Ya tuɓe kayan sarauta, ya sa wasu tufafi, ya ɗauki mutum biyu, ya tafi da dare. Matar ta ji tsoron tarko ne, sai ya rantse mata da sunan Ubangiji cewa ba abin da zai same ta, yana rantsuwa da sunan wanda ya haramta abin da ya zo nema. Ya ce ta kirawo masa Sama'ila. Ta ga wani tsoho yana fitowa lulluɓe da alkyabba, ta ƙwalla ƙara, ta gane Saul ne a gabanta. Abin da sarkin ya ji kuwa ba sabo ba ne: mulki ya koma hannun Dawuda saboda rashin biyayyarsa kan Amalekawa, gobe kuma shi da 'ya'yansa za su mutu. Ya faɗi ƙasa warwas, ga shi ya yini ya kwana bai ci kome ba. Matar ce ta lallashe shi, ta yanka ɗan maraƙinta mai ƙiba, ta toya gurasa marar yisti, suka ci suka tashi cikin daren. 1 Tarihi 10:13-14 ya lissafa wannan tafiya cikin dalilan mutuwarsa.

Malamai sun daɗe suna saɓani kan wanda ya bayyana. Orijen na Iskandariya ya ce Sama'ila ne da gaske. Tartuliyan da Yustatiyus na Antakiya suka ce aljani ne ya ɗauki kamanninsa, ra'ayin da Luta da Kalbin, jagororin Furotesta na farko, suka bi daga baya. Har yau ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki suna jan wannan muhawara. Ko wanne ɓangare aka ɗauka, Saul ya je neman mafita ya dawo da tsoron da ya fi wanda ya kai.

Annabawa

Sarki Ahaziya ya faɗo daga tagar benensa a Samariya, ya aika a tambayi Ba'al-zebub, gunkin Ekron, ko zai warke. Iliya ya tare manzannin a hanya da tambaya ɗaya: ashe babu Allah a Isra'ila ne? Sarki Manassa ya dawo da masu duba cikin Yahuza, jikansa Yosiya ya kawar da su. Ishaya 8:19 ya kwatanta masu kiran matattu da masu shesheƙa da gunaguni, ya tambaya don me za a nemi matattu saboda masu rai, a sura 47 kuma ya ce masanan taurarin Babila ba za su iya ceton ko kansu ba. Ezekiyel ya nuna sarkin Babila tsaye a mararraba yana girgiza kibau yana duba hantar dabba, ya kuma la'anci matan da ke ɗinka layu suna ɗaura wa mutane a hannu.

Amma annabawa ba su tsaya kan arna ba. Mika 3:11 ya zargi annabawan Urushalima da yin duba don kuɗi alhali suna cewa Ubangiji na tare da su, Irmiya 14:14 kuma ya kira annabcin ƙarya da sunan Allah duban banza.

Sabon Alkawari da ikilisiyar farko

Littafin Ayyukan Manzanni ya kawo karo huɗu. Saminu mai sihiri a Samariya ya so sayen ikon Ruhu da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa ya ce ya tuba. Alimas ya yi ƙoƙarin kawar da hankalin gwamna Sarjiyus Bulus a Bafusa, ya makance na ɗan lokaci. A Filibi wata baiwa mai iskan duba tana samo wa iyayengijinta riba mai yawa. Abin da take faɗa game da manzo Bulus da Sila gaskiya ne, duk da haka Bulus ya fitar da iskan, masu ita suka sa aka yi musu bulala aka jefa su kurkuku domin kasuwarsu ta mutu. A Afisa kuwa waɗanda suka tuba sun tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Galatiyawa 5:20 ta sa sihiri cikin ayyukan jiki kusa da bautar gumaka. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Ankira a shekara ta 314 ta yanka wa mai zuwa duba horon shekara biyar, Katekizim na Katolika na 1992 kuma ya maimaita hanin a sakin layi na 2116 da 2117.

A Gombe da Bauchi

Mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta kafa tasha a Kaltungo a 1917, daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da shi masu bishara suka riƙa karanta waɗannan ayoyi ga mutanen da suka taso cikin tsafin gida da girmama kakanni. Tun daga lokacin ake ganin wanda ya tuba ya kawo layu da guraye da kambu a ƙone kafin baftisma, bisa misalin Afisa.

Abin bai ƙare ba. Yaro ya yi ta ciwo an gaji da asibiti, amarya ta shekara uku babu ciki, an sace akuya, ɗan kasuwa ya ga jarinsa yana narkewa, sai wata maƙwabciya ta rage murya ta ce, "Ki je a duba miki mana, wannan ba haka kawai ba ne." Akan tafi wani gari inda ba a san mutum ba, ko bayan magariba. Mai duba ya baza yashi a faifai ya ja layuka da yatsa, ko ya watsa wuri, ya ce a kawo jan zakara ko baƙar kaza, sannan kusan kullum ya ce akwai hannu a ciki, hannun kuma na kusa ne: kishiya, ƙanin miji, tsohuwar da ke bayan gida. Daga nan zumunci ya fara tsagewa. Idan maganar ta kai kunnen dattawan ikilisiya, yawanci akan sa mutum ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga jibin Ubangiji har ya tuba. Maƙwabta Musulmi ma suna da irin wannan hani, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba.

Fastoci kan bambanta duba da maganin gargajiya. Saiwa da sassaƙe da ganye ba haram ba ne, Ishaya da kansa ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Inda ake ja da baya shi ne lokacin da mai magani ya ce sai ya tambayi iska tukuna, ko sai an yi yanka a mararraba.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne duban da ya sa rigar coci. Akwai masu kiran kansu annabawa da ke karɓar kuɗi kafin su "gani", su sayar da mai ko ruwa, su faɗa wa mace sunan wanda ya ɗaure mata mahaifa. Wanda ya je wurinsu yakan ɗauka ya tsira daga boka, alhali tambayar ɗaya ce, kuɗin ɗaya ne, amsar ma ɗaya ce. Ayar Mika ta shafe su kai tsaye, 1 Yahaya 4:1 kuma ta umarci masu bi su gwada ruhohi.

Zargin maita

Fitowa 22:18 da Littafin Firistoci 20:27 sun yanke hukuncin kisa ga mai sihiri da mai kiran matattu, kuma wasu kan jawo su don halatta dukan wanda aka zarga da maita. Wannan mummunar karkatar da nassi ce. Hukuncin na shari'ar ƙasar Isra'ila ne, wadda ba ta kashe kowa sai da shaidu biyu ko uku, kuma yana magana ne kan sana'ar da ake yi a san da ita, ba kan tsohuwar da wani ya gani a mafarki ba. Manzanni ba su jefi Saminu ba, ba su taɓa baiwar Filibi da duka ba. Galibi ma sunan wanda ake zargi daga bakin mai duba yake fitowa, don haka mai zargin ne ya fara taka dokar. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne gwauraye, tsofaffi marasa gata da marayu. Dokar Final Kod (Penal Code), wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifin da kotu ke hukuntawa.